Ƙarfe da Mizani a Cikin Jinin Ɗan Adam

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai hikima a cikin ƙaddarawarsa, Mai tausasawa a cikin tadbirinsa, wanda ya gudanar da jini a jijiyoyin bayinsa tun suna cikin duhun mahaifa, ya kuma ɓoye wurin ƙera wannan jini a cikin ƙashi, inda ido ba ya kaiwa, hannu ba ya taɓawa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, muna so mu yi tadabburi a kan wata larura ta jini wadda ba ta da yawa a cikin mutane, amma ta tattara darussa masu yawa, ita ce ƙarancin jinin da ke samun mutum alhali jikinsa cike yake da sinadarin ƙarfe. Likitoci suna kiranta sidarobilastik anemiya, mu kuwa za mu kira ta ƙarancin jini mai zoben ƙarfe, saboda siffar da ake gani a ɓargon mai ita.

A ɓargon baligi mai lafiya ana haifar jajayen ƙwayoyin jini sama da miliyan 2 a kowace daƙiƙa, muna barci ko muna farke, muna cikin sujada ko muna tsakiyar ciniki a kasuwar Kurmi. Kowace ƙwaya tana ɗauke da himogulobin wajen miliyan 270, wato furotin ɗin da ke ba jini jansa, kowane himogulobin kuma yana rungume da wasu 'yan gine-gine huɗu masu suna hem, a tsakiyar kowane hem akwai ƙwayar zarra ɗaya ta ƙarfe. A jikin wannan zarra iskar oksijin ke maƙalewa a huhu, daga jikinta kuma take sakin kanta idan an isa ga gaɓar da ke buƙata. Kafin ƙwayar ta fito aiki sai ta yi kimanin mako guda tana nuna a cikin ɓargo, tana tara himogulobin, tana ƙanƙancewa, daga bisani ta fitar da cibiyarta, ta kuma rabu da 'yan ɗakunan wutarta da masana ke kira mitokondiriya, inda kowace ƙwayar halitta ke ƙona abinci da oksijin don ta sami ƙarfi. Saboda haka idan ta shiga kewayen jiki na kwana 120 ɗin da aka ɗiba mata, ba ta cin komai daga iskar da aka ba ta amana. Tsarki ya tabbata ga wanda ya halicci ɗan aike, ya cire masa abin da zai sa ya ci saƙo.

Mutanen birnin Kano ba baƙin ƙarfe ba ne. Labarin kaka da kakanni ya ce wani maƙeri mai suna Kano ne ya taso daga Gaya yana neman tama, ya sauka a gindin Dala, masu binciken kayan tarihi kuma sun sami alamun narka tama a wannan wuri tun wajen ƙarni na 7 na Miladiyya. A Alƙur'ani mai girma akwai sura guda da aka sa wa sunan ƙarfe, Suratul Hadid, kuma a ayar da aka ambaci ƙarfen a cikinta an ambaci mizani tare da shi. Mu almajirai ne a gaban tafsirin malamai, ba ma ɗora wa aya abin da ba su ɗora mata ba, sai dai zuciya ba ta rasa girgiza idan ta ga yadda ƙarfen jikinmu yake tafiya a kan awo. Duk abin da baligi ke ɗauke da shi bai wuce giram 3 zuwa 4 ba, kusan kashi biyu cikin uku kuma yana cikin jini. Ɓargo yana buƙatar miligiram 20 zuwa 25 a kullum, amma hanji ba ya karɓar fiye da miligiram 1 zuwa 2 daga abinci, sauran duk daga tsofaffin ƙwayoyin da saifa ta rushe ake kwaso shi a sake aiki da shi. Abin lura a nan shi ne, jiki yana da ƙofar shigar ƙarfe wadda yake buɗewa yana rufewa, amma ba a yi masa ƙofar fitar da rarar da ta shiga ba, in ban da ɗan abin da ke zuba tare da fata da jinin al'ada da makamantansu.

Shi hem ana gina shi ne a matakai 8, kowane mataki da inzayim ɗinsa, wato ma'aikacin da ke gaggauta aikin. Mataki na farko a cikin mitokondiriya ake yinsa, huɗu na tsakiya a wajenta, sannan a koma cikinta a ƙarasa uku na ƙarshe, inda ake zaunar da ƙarfe a gurbinsa. A 1945 wani masani a Jami'ar Kolombiya ta Amurka, David Shemin, ya sha giram 66 na wani sinadari mai sauƙi da ake kira gilaisin, wanda aka yi wa alama, ya riƙa ɗibar jinin kansa wata da watanni yana bin sawunsa, har ya tabbatar cewa daga wannan ƙaramin tubali ake fara ginin hem. Inzayim ɗin da ke haɗa gilaisin da abokin haɗinsa a matakin farko, wanda ake kira ALAS2 a ɓargo, ba ya iya motsi shi kaɗai. Sai an ɗaura masa bitamin B6 a jikinsa sannan yake aiki.

Wannan bitamin, da ake kira firidoksin, Paul György ne ya gano shi a 1934, aka kuma ware shi tsantsarsa a 1938. Abin da baligi ke buƙata a yini bai kai miligiram 2 ba, abin da ido da ƙyar zai gani a tafin hannu, amma ayyuka sama da 140 a cikin jiki sun rataya a wuyansa, daga sarrafa furotin har zuwa haɗa sinadaran da jijiyoyi ke aika saƙo da su. Shi ma ba ya shiga aiki a yadda aka ci shi. Sai hanta ta juya shi zuwa wata siffa mai aiki, inzayim ɗin da ke wannan juyi kuma yana dogara ne da wani bitamin dabam, B2. Haka muke ganin al'amarin halitta: ma'aikaci yana jiran mataimaki, mataimakin yana jiran wani mataimakin, babu mai wadatuwa da kansa sai Mahalicci. Kuma daga rahamarsa ya watsa B6 a cikin abincin talaka, a gyaɗa da wake da dankali da ayaba, a hanta da kifi da kaza, a gero da dawa. Sai dai kaso mai tsoka na abin da ke cikin hatsi yana tare da dusa, wadda muke surfewa mu zuba wa tumaki, don tuwo ya yi fari. Duk da haka ba kasafai rashin B6 a abinci kaɗai ke kai baligi ga wannan larura ba. Yawanci wani abu ne ke shiga tsakanin bitamin ɗin da ma'aikacinsa.

Mu ɗauka a wata maƙera mazugi ya tsaya, wuta ta mutu, amma masu kawo ƙarfe ba su sami labari ba. Kullum sai su sauke kaya su tafi, ƙarfe ya yi ta taruwa har ya toshe hanya, ya fara tsatsa, manomi kuma yana can yana jiran fartanya. Wanda ya ji kukan manomin ya ce a ƙaro wa maƙeri ƙarfe, bai san inda matsalar take ba. Haka abin yake a ƙwayar jini mai tasowa idan matakin farko ya raunana: ƙarfe yana ci gaba da shiga mitokondiriya, gurbin da zai zauna kuwa ba a gina ba, sai ya taru a ciki ya lalata ta. Da yawa daga irin waɗannan ƙwayoyi a ɓargo suke mutuwa kafin su nuna, waɗanda suka tsira kuma su fito ƙanana, a ɗashe, ba su da isasshen himogulobin.

Wanda ya tsaya a ɗakin gwajin jini irin na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano zai iya ganin wannan da idonsa. Likita yana kashe zafin wurin, ya soka allura mai kauri a bayan ƙashin ƙugu, ya zuƙo ɗan ɓargo, a shafa a kan gilashi, a bar shi ya bushe. Sai a zuba masa wani rini da Max Perls, likita Bajamushe, ya fito da shi a 1867, wanda ke mai da ƙarfe shuɗi duk inda ya same shi. A lafiyayyen ɓargo ma akan ga ɗigo ɗaya ko biyu a warwatse cikin ƙwaya. A ɓargon mai wannan larura kuwa, da an daidaita madubin, sai ga ɗigogi shuɗɗa sun yi sahu sun kewaye cibiyar ƙwaya, domin a nan mitokondiriya ke zama. Ƙa'idar masana ita ce ɗigo 5 ko fiye, waɗanda suka zagaye aƙalla sulusin cibiyar, shi ne zoben ƙarfe. Abu ne mai kyau a ido, mai nauyi a zuciya, domin kowane zobe shaida ce ta arzikin da ya iso bai sami mai sarrafa shi ba.

Daga nan sai wani abin mamaki ya biyo baya. Ɓargon da ya ga aikinsa ba ya fita sai ya aika wa hanta saƙo ta rage wani sinadari mai suna hefsidin, wanda shi ne mai tsaron ƙofar ƙarfe a hanji. Ƙofa ta buɗe, ƙarfe ya yi ta kwarara, ya taru a hanta da zuciya da gaɓar da ke samar da insulin, a hankali cikin shekaru, har ya haifar da ciwon hanta ko ciwon sukari ko raunin zuciya. Masu wannan larura da dama rarar ƙarfen ce ke kai su ƙasa, fiye da ƙarancin jinin kansa.

A nan ne maganar ta shigo lungunanmu. Mutum ya wayi gari da kasala da jiri, yana haki idan ya hau matakalar soro, aka ja fatar idonsa aka ga ta yi fari, sai kowa ya ce jini ne ya yi ƙasa. Kafin la'asar an aiki yaro kemis ya karɓo kwalbar maganin ƙarin jini, gwaggo ta kawo zoɓo, maƙwabciya ta ce a matse ganyen ugu a haɗa da madara. Duk wannan ƙauna ce da zumunci, kuma sau da yawa akan dace, domin mafi yawan ƙarancin jini a ƙasarmu daga rashin ƙarfe yake, ko zazzaɓin cizon sauro, ko tsutsar ciki, ko zubar jini wajen haihuwa, ko amosanin jini. Mai ciki da aka ba ƙwayoyin ƙarfe da folik asid a wajen awo, ta sha su da kwanciyar hankali, hakkin ɗanta ne. Wanda muke tsoro wa shi ne wanda ya shanye kwalba ya ƙara wata, wata uku, wata shida, jini bai tashi ba, aka ce a canza wani mai ƙarfi. Wannan mutum gwaji yake buƙata a Asibitin Murtala ko inda ya fi kusa da shi, a auna ma'ajiyar ƙarfensa, domin in tana cike ne to wajen neman ƙiba ana samo rama.

Wani nau'in larurar gado ne. Thomas Cooley, likitan yara a Amurka, ya bayyana wani iyali mai ita a 1945. A 1956 aka wallafa labarin wani majiyyaci da jininsa ya tashi bayan an ba shi B6 mai yawa, a 1992 kuma aka gano tawayar a ƙwayar gadon ALAS2, wadda ke kan kiromosom X. Namiji X ɗaya gare shi, daga uwa ya karɓo, ba shi da na biyu da zai rufa masa asiri, don haka maza ta fi bayyana a kansu, mata kuma su ɗauke ta su miƙa, ko da yake wasunsu takan bayyana musu bayan shekaru sun ja. A yawancin masu wannan nau'i inzayim ɗin bai mutu ba, riƙonsa ga bitamin ne ya yi sako-sako, sai a yalwata masa B6, miligiram 50 zuwa 200 a yini bisa awon likita, kusan kashi biyu cikin uku kuma sukan amsa. Akwai wani nau'in gado mafi ƙaranci, wanda ke haɗa ƙarancin jini da kurumta da ciwon sukari tun ƙuruciya, shi kuma bitamin B1 ne ke tayar da jinin mai shi, ya fi kuma bayyana inda auren zumunci ya yawaita.

Nau'in da ya fi kusa da mu shi ne wanda magani ke jawowa. Tarin fuka tsohon baƙo ne a birni mai cunkoso, inda ɗaki guda ke ɗaukar mutum da yawa, tagogi kuma ƙanana. Tun 1952 Allah ya hore wa mutane maganin isoniyazid, wanda har yau ginshiƙi ne a cikin shan magani na wata 6 da ake bayarwa kyauta a Asibitin Zana da sauran cibiyoyi, ya kuma ceci rayukan da babu mai lissafa su sai Shi. Amma wannan magani yana kama B6 ya fita da shi ta fitsari, yana kuma tauye inzayim ɗin da ke juya shi zuwa siffa mai aiki. Alamar da ta fi saurin zuwa a ƙafa take: sagewa, zogi, zafin tafin ƙafa da dare. A wasu 'yan kaɗan abin yakan kai ga ɓargo, zobba su bayyana, jini ya sauka. Shi ya sa ake haɗa wa mai shan maganin wata 'yar ƙwaya ta B6, miligiram 10 zuwa 25, musamman mai ciki da mai shayarwa, da mai ɗauke da cutar HIV, da mai sukari, da wanda ya rame. Mukan ji majiyyaci yana cewa ƙaramar ai bitamin ce kawai, ya ajiye ta a kan taga. Mun fi jin ciwon wanda ƙafarsa ta fara zogi ya watsar da maganin tarin gaba ɗaya, ya koma gida da tari mai taurin kai, ya kuma raba wa iyalinsa. Abin da ya dace ya koma wurin ma'aikacin lafiyar da ke ba shi magani ya faɗi abin da yake ji, domin gyaran yana da sauƙi, ɓargo kuma yakan dawo daidai. Linezolid, da ake ba masu tari mai bijire wa magani, da kuloramfenikol, tsohon maganin taifot da mutane ke saye da ka, su ma suna iya haifar da zobba, amma ta wata hanya dabam, ta tauye mitokondiriya kai tsaye, don haka B6 ba ya warware nasu, sai likita ya sake duba maganin.

Sai dalma, wadda ke toshe matakai biyu cikin takwas na ginin hem, na biyu da na ƙarshe, shi ya sa littattafan likitanci suke jera ta cikin sabubba. Ba mu manta da 2010 ba, lokacin da likitocin ƙungiyar MSF suka tarar da ƙananan kaburbura sun yi yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma, inda ake niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, yara sama da 400 suka rasu. Allah ya jiƙansu, ya sa su zama masu ceton iyayensu. Amma dalma tana da wata ƙofa mai shiru da ke cikin ɗakunan iyayenmu mata. Kaka ta gama yi wa jariri wanka, ta shafe shi da mai, ta kwantar da shi a cinya, ta buɗe tandu, ta tsoma ɗan tsinke ta ja masa kwalli a ido tana yi masa kirari. Yaro ya murza ido da hannu, hannun ya tafi baki, abin da hawaye ya wanke kuma ya bi ta hanci ya sauka maƙogwaro. Baƙin dutse mai ƙyalli da ake niƙawa a yi kwalli, sau da yawa dutsen dalma ne. A 2012 hukumar CDC ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a Boston, ɗan iyaye 'yan Nijeriya, da aka sami dalma ta hau a jininsa, da aka auna kwallin da ake sa masa sai aka tarar kashi 82.6 cikin 100 dalma ce. Hanjin yaro yana tsotsar dalma ninki 4 zuwa 5 na abin da na babba ke tsotsa, kuma ɓarnarta a ƙwaƙwalwa tana riga ɓarnarta a jini. Sa kwalli yana da asali a sunna, ba mu ja da wannan, amma malamai sun haɗu a kan cewa shari'a ta zo ne da gusar da cuta. Kada garin neman gira a rasa ido. Wanda bai tabbatar da abin da ke cikin tandunsa ba, ya tsare idon jariri daga gare shi.

Sauran sabubban ba za mu daɗe a kansu ba. Giya, bayan haramcinta, tana lalata B6 tana kuma cutar da ɓargo, ita ce ma kan gaba a ƙasashen da ake yawan shanta. Yawan shan zinki na tsawon lokaci yana hana hanji karɓar jan ƙarfe, wanda mitokondiriya ke buƙata. A cikin tsofaffi kuma akwai nau'in da ke tasowa daga tawayar da ta auku a uwar ƙwayoyin ɓargo bayan haihuwa, wadda a 2011 aka gano tana da alaƙa da ƙwayar gado mai suna SF3B1. Wannan ba ya jin B6, kulawarsa ta ƙwararrun likitocin jini ce, sau da yawa kuma takan kai ga ƙarin jini a kai a kai.

Ko B6 ɗin da muke ta yabo yana da haddi. Wanda ya yi ta ɗirka wa kansa shi da yawa tsawon watanni zai gamu da irin sagewar jijiyar da rashinsa ke kawowa, kamar yadda likitoci suka bayyana tun 1983 a kan mutanen da ke shan giram 2 ko fiye a yini. Ƙarin jini shi ma rahama ce mai ɗauke da nauyi, domin kowace leda tana shigar da miligiram 200 zuwa 250 na ƙarfe a jikin da ba shi da ƙofar fitarwa, sai a haɗa da magunguna irin su defaroksamin da defarasiroks, masu ɗaure ƙarfe su fita da shi. Wannan darasi ya shafi 'ya'yanmu masu sikila da ake yawan yi wa ƙari.

Mafi ban al'ajabi a cikin jiyyar nau'in gado shi ne, idan B6 ya ɗaga jinin majiyyaci zuwa wani matsayi, likita yakan fara ɗibar jininsa kaɗan-kaɗan, da awo, yana duba ma'ajiyar ƙarfensa bayan kowane zango. Mai ƙarancin jini ana rage masa jini, kuma an ga waɗanda jininsu ya ƙara tashi da hakan, domin rarar ƙarfen da kanta tana danne inzayim ɗin, idan aka sauke masa ita sai ya fi karɓar bitamin. Wannan aiki ne na asibiti da gwaji, ƙahon wanzami ba ya tsayawa a madadinsa. Kuma idan aka tabbatar da larurar a jikin yaro, binciken ba ya tsayawa a kansa. Akan nemi a gwada 'yan'uwansa maza, da kawunansa na wajen uwa, da 'ya'yan innoninsa maza, da ita mahaifiyar da 'yan'uwansa mata, domin a cikinsu akan sami wanda bai taɓa kwanciya ciwo ba, alhali ƙarfe ya yi shekaru yana taruwa a hantarsa, a fara sauke masa tun kafin ya yi ɓarna.